Gidan Da Aka Saya Da Sunana

Litinin, 22 ga Satumba, bayan la'asar

Na dawo daga makaranta na tarar an yi rubutu a katangarmu. Jan fenti, manyan haruffa, da Turanci, tun daga bakin get har gindin darbejiya. Bai gama bushewa ba. Na tsaya na karanta sau biyu, kamar ina duba aikin ɗalibi. Cewa aka yi gidan nan yana hannun hukuma bisa umarnin kotu, kada a saya, kada a sayar. Babu kuskuren harafi ko ɗaya.

An kuma liƙa takarda a jikin get, da hatimi. Sunana ne a sama, Balaraba Shu'aibu. Na ƙanena Maliki yana ƙasa.

Inna na tsakar gida tana tsintar shinkafa da lalube, tunda idon ya daina yi mata aiki. Ta ce, "Ke, ɗazu na ji warin fenti. Maliki ne ya turo a gyara katanga?" Na ce e. Haka kawai ta fito daga bakina.

Yau kwana goma da 'yan hukuma suka tafi da shi. A sanin Inna yana Abuja wajen aiki. Ni na gaya mata haka.

Wannan littafin na saye shi ne don shirin darasin zangon nan. To.

Talata, 23 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Na je makaranta. Na koyar da rabawa. Na dawo.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan magariba

Lubna ta kira, matar Maliki. Su ma an shafa musu fentin a gidansu na Malali, an tafi da motocin. Ta kwashe yaran sun koma gidan iyayenta. Tana magana tana kuka, ni kuma ina kallon wata tururuwa da ke jan ƙwayar shinkafa a bakin taga. Na so in ji wani abu. Na jira, bai zo ba.

Ta ba ni lambar lauyansa, Barista Yahya. Ta ce, "Yaya, yanzu komai yana hannunki." Ban tambaye ta me take nufi ba.

A unguwa ba wanda ya ce min komai. Gaisuwa ce dai ta yi gajarta. Matar da ke aiko mana da koko kullum safe yau ba ta aiko ba. Wataƙila gasara ce ta ƙare.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Ofishin Barista Yahya a bene na biyu yake, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Mutum ne mai fara'a. Ya sa aka kawo min lemo, ban sha ba.

Ya yi min bayani a hankali kamar yadda nake yi wa 'yan aji huɗu. Umarnin da kotu ta bayar na wucin gadi ne. Gobe za a buga a jarida. Daga ranar, duk mai cewa dukiyar tasa ce yana da kwana goma sha huɗu ya fito ya nuna cewa da halak ɗinsa ya same ta. In ba wanda ya fito, shi ke nan, ta zama ta gwamnati.

Ya ce, "Malama, gidan Unguwar Dosa da sunanki yake. A takarda naki ne. Abin da ya rage ki nuna inda kuɗin ya fito."

Na ce, "Barista, firamare nake koyarwa."

Ya yi dariya kaɗan. Ya ce, "Mijinki marigayi bai bar miki komai ba?"

Na ce ya bari, amma ba irin wanda ake sayen gida da shi ba.

Ya ce in bar masa wannan. In dawo Talata.

A keke na tuna ranar da na sa hannu. Shekara shida ke nan. Muna haya a Hayin Banki ni da Inna, ɗaki biyu, in ana ruwa sai mun jera kwanoni. Maliki ya shigo da takardu ya durƙusa gabana, ya ce, "Yaya, nan, da nan, da nan." Na ce me ya sa ba sunanka ba? Ya ce ai ke ce babba. Akwai wata tambayar a bakina bayan wannan. Inna ta rangaɗa guɗa, na haɗiye ta.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan azahar

Na sayi jaridar a Kawo, ƙarƙashin gada. Shafi guda cur. Gidaje, filaye, motoci, kowanne da lambarsa. Namu ne na huɗu. An rubuta ɗaki huɗu da falo, alhali ɗayan sito ne.

An kuma rubuta ko kuɗin mene ne ake magana a kai. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Asabar, 27 ga Satumba, da hantsi

Na wanke labulaye duka. Ban san dalili ba.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Kawu Ɗanasabe ya zo daga Mando, ƙanen Inna. Ban yi tunanin tare shi a waje ba. Tun daga get yake salati da ƙarfi, ya shigo yana cewa, "Yaya Larai, wannan wace irin masifa ce aka rubuta muku a katanga?"

Ina kicin na ji shi yana zayyana mata komai. Kama Maliki, jarida, kotu. Ban fito ba. Na ci gaba da yanka kuɓewa har ta fi ƙarfin miyar mutum biyu.

Da na shiga falo Inna tana zaune a ƙasa, ta sauko daga kujera. Tambayar farko da ta yi, "Ana ba shi abinci?" Kawu ya ce ana ba shi. Sai ta juyo inda take jin numfashina.

"Ke. Kwana nawa kina yi min ƙarya?"

Na ce sha shida.

Ta ce, "Har kin ƙirga."

Ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta nemi buta.

Talata, 30 ga Satumba, ƙarfe shida na yamma

Barista ya karanta min takardar rantsuwa. Shafi uku. Ya fassara min duk da na ce ina jin Turanci. Ta ce ni Balaraba, Musulma, baligiya, na rantse cewa mijina marigayi Ila ya rasu ya bar min gonaki biyu a hanyar Zariya, na sayar da su, da kuɗin na sayi gidan. Ya ce akwai mutumin da zai tsaya a matsayin wanda ya sayi gonakin, kada wannan ya dame ni.

Ila gyaran agogo yake yi a Babbar Kasuwa, a wata 'yar rumfa da ko miƙe ƙafa ba a yi. Bai taɓa mallakar ƙasar da ta wuce wadda aka binne shi a ciki ba. Abin da ya bari, akwatin kayan aiki, da riguna biyar, da agogo goma sha ɗaya na mutane da ba su dawo karɓa ba. A satinsa na ƙarshe a asibiti ba ya maganar komai sai agogon nan. Ya sa na rubuta sunan mai kowanne da inda zan same shi. Da na fita takaba wata biyu na yi ina yawon mayar da su. Har Rigachikun na je saboda wani agogon roba da ko kuɗin motata bai kai ba.

Na ce wa Barista, "Dole sai an sa sunansa?"

Ya ce, "Malama, wanda ya mutu ba a kiran sa kotu. Shi ya sa ya fi."

Ya ba ni kwafi in tafi da shi in saba da labarin. Yana cikin jakata, tsakanin rajistar aji da wannan littafin.

Laraba, 1 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Hutu. An yi ruwa da asuba. Na leƙa waje, fentin yana nan yadda yake.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Maliki ya kira da wata lambar da ban sani ba. Muryarsa ta dushe. Ya tambayi Inna, na ce tana nan. Ya ce, "Yaya, don Allah ki yi abin da Barista ya ce. In gidan ya fita daga cikin jerin, tuhuma ɗaya ta faɗi. Kuma Inna ba za ta koma haya da tsufanta ba."

Na ce, "Maliki, abin da aka rubuta a jarida gaskiya ne?"

Ina jin wani yana tari a bayansa.

Ya ce, "Yaya, ba a wannan maganar a waya."

Ni na goye shi. Lokacin da Baba ya rasu yana aji biyu, ni na riƙa kai shi makaranta a bayan keke. Albashina na farko takalmi na saya masa. Yaro ne mai tsoron duhu da kare. Duk wannan na san shi, ina iya jera shi kamar jadawalin sau. Amma da ya kashe wayar sai na tashi na kwashe shanya, don hadari ya haɗo.

Na ba Inna saƙon gaisuwarsa. Ta sa na maimaita mata kalmominsa sau uku.

Juma'a, 3 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Na je makaranta. Na dawo. Saura kwana bakwai.

Asabar, 4 ga Oktoba, da yamma

Kuɗin da jarida ta faɗa, na asibitocin ƙauye ne. Kuɗin magani. Na rubuta.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan azahar

Lubna ta zo da safe ta shige ɗakin Inna, sun daɗe. Da ta tafi Inna ta kira ni. Ta sa na zauna a bakin gado, ta lalubo hannuna ta riƙe. Rabon da ta riƙe hannuna haka na manta.

Ta ce an gaya mata akwai takardar da zan sa wa hannu, yaron nan ya sami sauƙi.

Na ce, "Inna, rantsuwa ce. Kuma abin da ke ciki ba haka yake ba."

Ta ce, "Allah Mai gafara ne. Ki yi, ki yi kaffara. Ni zan taya ki azumin."

Na ce an sa sunan Ila a ciki.

Ta ce, "Ila ya riga mu gidan gaskiya, ba abin da zai same shi. Wannan da ransa yake."

Sai ta ce, "Balaraba."

Ni ce 'yar fari. Shekarata arba'in da bakwai, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ke, ko 'yar nan, ko ta yi gyaran murya in gane da ni take. Ko ranar ɗaurin aurena ba ta faɗa ba. Yau ta faɗa, ta kuma maimaita.

"Balaraba, ni na haife ki. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Na ce to.

Na fito na zauna a kan turmi a tsakar gida. Na daɗe ina duban hannuna inda ta riƙe. Shatin yatsunta ya fito, daga baya ya baje.

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na haddace labarin gonakin. Ɗaya tana kusa da rafi, ɗaya tana bakin titi. Da na rufe ido har masara na gani a ciki.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Na nemi izini a makaranta. Na yi alwala kafin in fita, a zatona za a miƙo min Alƙur'ani in dafa.

Ba a miƙa wa kowa komai. Wani ɗaki ne a ƙasan benen kotu, da tebur ɗaya, da wani mutum mai hatimi yana cin gyaɗa. Ka miƙa takarda, ka nuna katin shaida, ka sa hannu, ya buga, na gaba. Ko ɗaga kai ba ya yi. Mai rantsuwar ranar haihuwa, mai ɓatan takardar fili, mai canjin suna, duk layi ɗaya. Barista ya ce yana sama wajen wata shari'a, in na gama in hau in same shi.

Da na ga haka na ce a raina, ashe abin ba wuya.

Mutum shida ne a gabana. Suka zama uku. Na ce wa matar da ke bayana ta wuce. Ta wuce. Na ce wa na bayanta shi ma ya wuce. Sai mai hatimin ya ɗago a karon farko ya ce, "Hajiya, ke fa? Tun ɗazu kina tsaye."

Na ajiye takardar a tebur. Ya juya zuwa shafin ƙarshe ya nuna min layin da ɗan yatsa mai gishirin gyaɗa. Shafi na biyu ya ɗan karkato, na hango sunan Ila an buga shi da manyan haruffa. Bai taɓa ganin sunansa a buge da na'ura ba. Allon rumfarsa ma da hannu ya rubuta.

Na ce na manta katin shaidata a gida.

Yana cikin jakata.

Na fito na bi titi da ƙafa. Ban tsayar da keke ba sai wajen Unguwar Sarki. Barista ya kira sau biyar. Na kashe wayar.

Ba zan ce tsoron Allah ne ba, don da shi ne da tun shekara shida ya hana ni. Ba zan ce jarumta ba ce. Hannun ne kawai ya ƙi ɗaukar biro.

Inna ta ce, "An yi?" Na ce an ce a dawo.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Na je makaranta. Na dawo. Inna ta ce, "An yi?" Na ce gobe.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe huɗu da minti goma

An tashi yara sha biyu. Ban tafi gida ba. Na zauna a aji ni kaɗai, na goge allo, na jera bencina. Akwai agogo a ofishin hedimasta da ake hangowa ta taga. Na zauna ina kallon sa har huɗu ta buga, lokacin da ake rufe rajistar kotu.

Shi ke nan. Yanzu zan tashi.

Asabar, 11 ga Oktoba, da hantsi

Na gaya mata bayan ta karya. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Inna, ban sa hannu ba. Ba wanda ya ce in dawo. Ni na fasa. Wa'adin ya cika jiya."

Ta ajiye kofin a hankali, ta lalubi carbinta. Na tsaya har ƙafata ta yi sanyi, sannan na ɗauke kofin.

Lubna ta turo saƙon murya, minti tara. Na saurari biyu. A ciki akwai cewa shekara shida ina kwana a ƙarƙashin fankar gidan ban tuna da halak da haram ba sai yau. Wannan gaskiya ta faɗa.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan magariba

Kwana uku Inna ba ta yi min magana ba. Tana cin abin da na ajiye. In na shiga ɗakin sai ta juya fuska bango, ita da ba ta ma gani na.

Kawu Ɗanasabe ya zo jiya. Da zai tafi na raka shi get, ya tsaya yana duban rubutun. Ya ce, "Ni dai ban ce kin yi daidai ba, ban kuma ce kin yi laifi ba. Uwa ce. Ki yi ta haƙuri." Ya hau babur ɗinsa.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Wata yarinya a aji ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Ashe na rubuta kwanan wata a allo na tsaya riƙe da alli ban san iya lokacin ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan azahar

Na je kotun. Ba wanda ya ce in je. Na zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Ba a kawo Maliki ba, ashe shari'ar dukiya daban, tasa daban.

Lauyar hukuma ta tashi ta ce an buga a jarida, wa'adi ya cika. Barista Yahya ya yi magana a kan gidan Malali da wani fili, aka ɗage waɗannan zuwa wani watan. Da aka zo na huɗu, alƙali ya duba takardunsa ya tambaya ko akwai wanda ya shigar da wani abu a kai. Aka ce babu. Ya ɗaga kai ya dubi ɗakin gaba ɗaya. Ina jin idonsa ya bi ta kaina ya wuce. Ya yi rubutu, ya karanta. Gidan ya zama na gwamnati.

Duka bai kai minti goma ba. Na taɓa daɗewa fiye da haka wajen cinikin tumatir.

A bakin bene na yi kiciɓis da Barista. Ya ce, "Malama, kin kyauta." Ya wuce.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

An kawo takarda. Kwana goma mu fita.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Na samu ɗaki biyu a bayan tashar Kawo, kusa da makaranta. Akwai rijiya, banɗaki na haɗaka. Na zaɓi mai ƙofa ba matakala saboda Inna.

Kawu ya zo, na yi bayanin ɗakin a gabansu su biyu. Inna ta juya wajensa ta ce, "Ɗanasabe, ka ce mata ni wajenka zan zauna."

Kawu ya dube ni. Na ce na ji.

Na koma na ce wa mai gidan ɗaki ɗaya ya ishe ni.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Ina ta ɗaure kaya. Abin mamaki, namu na kanmu ba su da yawa. Na ware gefe biyu a falo, abin da muka zo da shi daga Hayin Banki da abin da muka tarar ko aka kawo daga baya. Gefe ɗaya ya kai rufi. Ɗayan ko bayan a-kori-kura ba zai cika ba.

Na je makaranta. Na dawo. Na ɗaure kaya.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan magariba

Sun zo ƙarfe goma. Maza uku da mace ɗaya mai riƙe da takardar jerin kaya, da 'yan sanda biyu da suka tsaya a waje. Maƙwabta sun fito ƙofar gidajensu, kowa da abin da ya ƙirƙira yana yi.

Matar ba ta da wulaƙanci. Ta gaida Inna har ƙasa. Ta bi ɗaki ɗaki tana dubawa tana yin alama. Firij na gida ne, janareto na gida ne, kujeru na gida ne. Tufafi da kwanoni namu ne. Da ta zo kan gadon ƙarfen Inna ta tsaya tana duba takarda. Inna ta ce, "Wannan ubana ya saya min a Zariya kafin a haifi uwarki." Matar ta ce, "A fitar wa Mama da gadonta."

Inna ta ƙi a riƙe ta. Ta bi bango da hannu tun daga ɗakinta har get, ita kaɗai. A bakin get ta tsaya ta ce, "'Yar nan, wa zai shiga?"

Na buɗe baki, ashe ba da ni take ba. Matar ta ce gwanjo za a yi, Mama, ba a san wanda zai saya ba.

Inna ta ce, "To a gaya masa dakalin banɗaki yana da santsi. In yana da tsohuwa ya sa mata tabarma."

Matar ta ce za ta faɗa. Har ta rubuta a gefen takardarta.

Kawu ya sa Inna a gaban motar da ya aro. Na miƙa mata ledar magungunanta ta taga, na ce na fari da safe, na ja da dare. Ta karɓa ta ɗora a cinya. Suka tafi.

Na ba da makullai bakwai. Aka ce in sa hannu cewa na miƙa gidan. Nan, da nan. Na sa.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Tashar Kawo ba ta barci. Tun kafin kiran salla ake kiran Zariya, Kano, Zariya. Na dafa shayi kofi biyu kafin in tuna.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Na je makaranta. Na dawo.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan la'asar

Matar Kawu ta kira jiya. A da duk Lahadi ni nake yi wa Inna kitso. Ta ce kan Inna ya cukurkuɗe, sati uku ba a taɓa shi ba, ta kawo mai kitso har gida Inna ta kore ta. Ta ce, "Ba ta ce a kira ki ba. Amma ta tambaya sau biyu ko gobe Lahadi."

Na je Mando da safe da mataji da man kaɗanya. An ba ta ɗakin da ke kusa da zaure, gadon ƙarfen ya cinye rabinsa. Na yi sallama, ta amsa ciki-ciki. Na gaishe ta, ta ce lafiya. Na shimfiɗa tabarma a inuwa na zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Can ta fito da lalube, ta zauna tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya, ta zare ɗankwali.

Tsifar kaɗai ta ci awa guda. Gashin ya ƙara fari, ya kuma ragu a tsakiya. Jirgin sojan sama ya wuce ta kanmu sau biyu. Sai da na fara layi na uku ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Da kin rantse, da yana gida yanzu?"

Na ce, "A'a, Inna. Tuhuma bakwai ce. Ɗaya ce za ta faɗi, ita ma wataƙila."

"Da muna gidan?"

"Wataƙila."

Na raba gashi, na shafa mai.

Ta ce, "Ban huce ba."

Na ce to, Inna.

"Na faɗa miki ne kada ki ɗauka kitson nan sulhu ne."

Na ce na sani.

Na yi layi biyu. Sai ta ce ranar Talata za a kawo Maliki kotu, Lubna ta aiko. Ta ce za ta je. Kawu gwiwarsa ba za ta iya benen da ita ba.

"Ke za ki riƙe ni."

Na ce to.

"Kuma in mun je, ni ba gani nake ba. Lubna za ta ce min ya yi kyau. Ɗanasabe zai ce min alhamdu lillahi." Ta ɗan gyara zama. "Ke za ki dube shi ki gaya min yadda ya koma. In ya rame ki ce ya rame. In da ankwa a hannunsa ki ce da ankwa. Kada ki gyara min komai."

Matajin ya faɗi daga hannuna. Na sunkuya ɗauka na daɗe ban ɗago ba, har wani abu ya ɗiga a bayan wuyanta. Ta sa hannu ta goge, ba ta tambaya ba.

Ta ce, "Ki ƙarasa, rana tana yi."

Na ƙarasa.